Ranar da Muka Kai Kwanuka Gobarau

Jikanyata ce ta tono mani wannan zance, ita da aikin makarantarta. Ta same ni a zaure bayan la'asar ina jan carbi, ta zauna ta ce an ba su wata waƙa a aji, ta wasanni ce, an ce su fito da jigonta, su faɗi abin da mawaƙin yake nufi da tausayi da haɗin kai. Ta karanta mani ita tiryan-tiryan kamar mai karanta sanarwa a rediyo, ba rerawa ba komai. Na ce, ke, haka ake yi wa waƙa? Ai wannan kin yanka ta ne ba bismilla. Ta yi dariya ta ce tsoho dai bai rasa abin cewa, ita maki take nema, ba murya ba. Na bar ta tana jan layi a ƙarƙashin kalmomin da take so, amma ni tuni hankalina ya bar zauren, ya koma bayan ganuwa, wani fili da yanzu shaguna suka cinye shi, ko wurin shimfiɗa tabarma bai rage ba.

A filin nan muka ƙarar da samartakarmu. Ƙwallon ƙafa muke bugawa, tamaula muke ce mata a lokacin, kuma ba mai zuwa wurinta sai ya sallami aikin gida. Ni nawa aikin cika randuna ne daga rijiyar unguwa da yanko wa awakin tsohuwarmu ciyawa. Mahaifinmu kuwa magana ɗaya gare shi kullum, wanda ya bar randa wayam ya tafi fili, to filin ya ba shi tuwo. Saboda haka za ka ga ƙato, gemu ya fara tsiro mashi, yana gudu da garwa a ka, ruwa na zubo mashi a wuya, don kada a raba 'yan wasa ba shi. Takalmi ba a ma maganarshi, tafin ƙafarmu ya yi tauri har ƙaya kunyarmu take ji. Raga kuwa suna ce kawai, itacen bedi biyu ne aka kafa, aka ɗaura igiya a sama. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ƙwallon in ta sha ƙafa, dum, da usur ɗin alƙali na gwangwani, da kiran masu gyaɗa da rake a gefe, sannan kiran sallar magariba ya taso daga cikin gari ya kashe komai, ko da ana tsakiyar kai hari ne. Yanzu fa? Yaran yanzu sai su shige wani ɗaki mai duhu da ƙarar janareto, su jeru a benci suna kallon waɗansu mutane na wasa a ƙasar da ba a san da zamansu ba, in an tashi kuma a fasa wa juna baki a kansu. Rannan ɗan maƙwabcina ya dawo da ido a kumbure, na tambaye shi ko raga ya tsare aka narka mashi ƙwallo, ya ce a'a, kallo ya je.

Mu 'yan Ƙofar Kwaya ne, abokan hamayyarmu kuma 'yan Gobarau. Makarantar allo ɗaya muka yi da yawancinsu, akwai auratayya, akwai zumunci, amma in aka shiga fili sai ka rantse gonar gado ake rabawa. Ni ne mai tsaron gida a ɓangarenmu. Mutanenmu Makulli suke kirana, 'yan Gobarau kuwa Kwando, kuma don Allah ya nuna mani iyakata, Kwandon ne ya bi ni har na yi jikoki. Ƙwallo ɗaya tal gare mu, mu da su, kuma al'adar ita ce unguwar da ta ci babban wasan bayan girbi ita ke ajiye ta har shekara ta zagayo. Waɗanda aka ci in suna son motsa jini sai sun zo aro, a sa su gaisuwa har ƙasa, a ja masu rai, a tambaye su lafiyar kajinsu da agwaginsu kafin a miƙa masu. An daɗe mu ne masu zuwa aron nan, har karnukan Gobarau sun daina yi mana haushi.

Mai jinyar ƙwallon wani dattijo ne, rumfarshi na tsakanin unguwannin biyu, kowa Baba Baduku yake ce mashi. In ta yage shi ke ɗinke ta da jar fata ko baƙa, duk abin da ya rage mashi daga takalma da jakunkuna, har ta kai ba ka iya cewa ga asalin launinta. To, ban da ɗinki Allah ya ba shi waƙa. Ba kiɗa, ba roƙo, ko goro bai karɓa a kanta. Duk babban wasa yana zaune a gefen fili bisa buzunshi yana kallo, sai Juma'ar da ta biyo baya, bayan la'asar, a taru a rumfarshi ya rera abin da ya gani. Waɗanda suka ci su ke yi mashi amshi, haka aka saba. Kai, in ka ji sunanka a bakin tsohon nan, ranar ko tuwo ba ka nema. Na san wanda aka ambata a baiti ɗaya tak, ya daɗe yana tafiya a unguwa kamar an naɗa shi sarauta. Mu a lokacin abin da muka ɗauki waƙa ke nan, wurin rabon yabo, kowa ya miƙa kunne ya tsinci nashi ya yi gaba.

A cikin 'yan Gobarau akwai wani siririn saurayi da ake kira Tsinke, ɗan gaba, shi ne ciwon kaina. Maraya ne, shi kaɗai ne namiji wurin mahaifiyarshi, ba shi da hayaniya, amma in ƙwallo ta hau ƙafarshi sai dai ka kama addu'a. Shekarar da nake ba da labari an taru sosai, har kan ganuwa mutane ne. Wasa ya yi nisa, ana kunnen doki, rana ta yi ja. Sai ga Tsinke ya zare ya bar 'yan bayanmu, ya nufo ni shi kaɗai. Na fita na faɗa ƙafafunshi, ya kauce, ni kuwa na wuce na daki itacen bedin nan da kafaɗar dama. Na ji ƙas, kamar an karya kara. Ina kwance ina ganin ƙwallo ta tsaya a gabanshi, raga a buɗe, ko akuya aka ba sai ta ci. Alƙali bai busa ba, don ba wanda ya yi laifi. Duk Gobarau ta ɗauki ihu, buga, buga. Yaron nan ya dube ni, ya dubi ƙwallo, sai ya tsallake ta ya durƙusa a kaina yana cewa kada in motsa, kada in motsa. Wani ƙaton ɗan bayanmu da muke kira Katanga, shi kuma bai barin banza ta wuce shi, ya zo ya ɗirka ƙwallon gaba, 'yan Gobarau na tsaye baki buɗe, wani ɗan gabanmu ya zura masu ita. Ni ban ga cin ba, Tsinke ma bai gani ba. Lokacin ya riga ya goya ni a bayanshi, siririn nan, yana haki, ya nufi gidan maɗori da ni a cikin gari. Muna hanya muka jiyo ihun murnar 'yan unguwarmu. Na ji ya ɗan tsaya, sannan ya gyara mani zama ya ci gaba da tafiya.

Abin da ya biyo baya sai wanda ya san ciyayya zai gane nauyinshi. A zamaninmu saurayi bai cin tuwon dare shi kaɗai a ɗaki kamar mara lafiya. Bayan magariba kowa zai fito da kwanonshi daga gida, a shimfiɗa tabarma a ƙofar wani gida, a jera kwanuka, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. A nan ake sanin gidan da aka yi miyar kuka da gidan da aka yi ta kuɓewa, wanda yau babu a gidansu kuma ya ƙoshi asirinshi a rufe. Yanzu kowa ya ƙule da ledar taliyarshi yana ci yana latsa waya. To, 'yan Gobarau ba su zagi Tsinke ba, ba su doke shi ba, ba su ce ya tashi daga tabarma ba. Kwanonshi kawai suka daina buɗewa. A ci na kowa, in an zo kan nashi sai a tsallake, a wanke hannu, a shiga hira. Shi kuma kunya ta hana shi sa hannu a na wasu. Haka zai ɗauki abinshi ya koma da shi gida, da nauyinshi kamar yadda ya fito. Kuma kwanon nan ba kwanon banza ba ne, duk Gobarau an san miyar Inna, mahaifiyarshi. A da shi ake fara buɗewa, har faɗa ake yi a kan suɗi.

Ni ina gida a kwance, an ɗaure mani kafaɗa da karare da tsumma, hannun dama a manne da ƙirji, ban san wainar da ake toyawa ba. Sai rannan Inna ta zo duba ni da kunun tsamiya a ƙwarya. Bayan an gama ya jiki, ya mai jiki, ya aka ji da tsautsayi, ta zauna da tsohuwarmu a tsakar gida, ni ina ɗaki ina jin su. Ashe baiwar Allahn nan ba ta san komai a kan tamaula ba, ɗanta bai gaya mata ba. Ita a zatonta hannunta ne ya lalace. Ta ce ta sauya kuka, ta ƙara man shanu, ta bar mai daddawar da ta saba ta koma wurin wata a can bakin kasuwa, amma kwano sai ya dawo mata kamar yadda ta zuba, malmala ko ɗaya ba a taɓa ba. Tana faɗi tana dariya irin ta ƙarfin hali, can sai muryarta ta karye. Ta ce yaron ya ce mata garin ya ishe shi. Kawunshi direban babbar mota ne, zai tafi kudu ranar Asabar, shi kuma Tsinke zai bi shi ya zama yaron mota, kuma ita ta san irin tafiyar nan, ba a cika dawowa ba. Wallahi kunun nan kasa shan shi na yi. Na ji tausayinta, na ji haushin 'yan Gobarau, amma ban ga abin da mai hannu ɗaya zai iya yi ba, ga shi ni ɗan wata unguwa ne, unguwar ma da ta ci su.

Baba Baduku kuwa da Juma'ar farko ta zo cewa ya yi waƙa ba ta nuna ba, a dawo ta gaba. Ta gaban ita ce jajibirin tafiyar Tsinke. Na matsa sai da aka bar ni na lallaɓa na je. 'Yan unguwarmu sun sha wanka, Katanga har da aron hula, sun yi sahu a gaba suna gyaran murya don amshi. 'Yan Gobarau na can baya sun harɗe hannu, jagoransu, wani da ake kira Dogo, yana ta cin magani. Tsinke bai zo ba. Tsoho ya ajiye basillar ɗinkinshi, ya buɗe da sunan Allah da salati a waƙe kamar yadda ya saba, sannan ya ba da amshi:

Ƙwallonmu ɗaya, filinmu ɗaya,
In ɗaya ya faɗi, sai kowa ya tsaya.

Muka dubi juna. Wannan wane irin amshin nasara ne? Aka dai karɓa ciki-ciki, ya ci gaba:

Ga raga buɗe, ba mai tsaro,
Tsinke ya dubi ƙasa, sai ya tsaya.

Ya bar wa ƙwallo hanyarta can,
Ya ɗau ɗan mutane ya goya a baya.

Tuwon tsohuwa ya fito da zafi,
Ya koma da sanyi, ba hannu ɗaya.

Ku masu murna, wa ya ba ku?
Kun ci kun manta da mai yin miya.

Ni dai baduku, ɗinki nake,
Ban taɓa ɗinka ƙwallo da fata ɗaya.

Yana kaiwa nan ya shafa fatiha ya ɗauki basillarshi. Shi ke nan. Ba Katanga, ba wanda ya zura ƙwallo, ba Makulli. Ni da na ba da ƙashina ma ɗan mutane kawai aka kira ni. Nan fa rumfa ta kaure da musu, kowa ya zama malamin waƙa. Namu suka ce tsoho ya fara ruɗewa, ko kuma 'yan Gobarau sun kai mashi kyautar fata. Dogo ya ce habaici ne aka yi masu, an tona masu asiri a gaban abokan hamayya. Wani ya ce ai zambo aka yi wa Tsinke a fakaice, wani ya ce yabo ne, har aka kusa cin kwalar juna a kan waƙar da ke cewa a haɗa kai. Katanga ya cire hular aro ya matsa ya ce, "Baba, don Allah me kake nufi? Mu muka ci fa." Tsoho bai ɗago ba, yana huda fata ya ce, "Na sani, ɗana, ai ina wurin. Ni nawa na yi, na rera. Sauran aikin ba na baki ba ne." Aka watse kowa na ƙunƙuni.

Ni ma da haushina na koma gida. Ana idar da magariba aka miƙo mani kwanona, na zauna a zaure ina jiran 'yan ciyayyarmu su taru. Na ɗaga murfin da hagu, tururin miya ya bugi fuskata, sai baitin nan ya dawo mani da muryar tsohon, tuwon tsohuwa ya fito da zafi, ya koma da sanyi. Na tuno Inna zaune a tsakar gidanmu tana zargin kuka da man shanu. A rumfa sunana kunnena yake nema, shi ya sa ban ji komai ba. Yanzu da ba abin da nake nema sai na ji waƙar sarai. Ba 'yan Gobarau kaɗai take yi wa magana ba, mu take tambaya, mu masu murna, kuma ba amsar baki take so ba. Akwai kwano a Gobarau da ke jiran hannu, mu kuma muna da hannuwa, in ka cire nawa. Da abokaina suka taru na ce kada kowa ya buɗe, yau a Gobarau za mu ci. Katanga ya ce ashe karayar har kai ta taɓa. Mu shiga unguwar mutane da kwanuka bayan mun ci su? Ai sai a ce tsiya muka je yi, a fasa mana kwanukan a ka. Na ce to shi da ya ɗirka ƙwallo mutum na kwance bai ji tsoro ba, yanzu tuwo ne zai ba shi tsoro? Aka bushe da dariya, ya zage ni tas, sannan ya riga kowa ɗaukar kwano.

Ka ga ikon Allah, samari reras a lungu, kowa da kwano a hannu, murafe na ta kwaram-kwaram, mata na leƙowa ta zaure suna tambayar ko suna ake yi a wani gida. Muka bi ta gindin hasumiyar Gobarau muka ɓulla inda suke zama. Suna hango mu suka miƙe tsaye, wani har ya tattare hannun riga. Muka yi sallama, ba yadda za su yi, suka amsa. Muka kama gaisuwa muka ƙi sakinta, an wuni lafiya, ya gajiya, ya mutan gida, ya su Baba, ya aka ji da sana'a, har fuskokinsu suka fara saki don dole. Tsinke na can ƙarshen tabarma shi kaɗai, kwanonshi a rufe a gabanshi, ya rame ya zama tsinken gaske. Muka jera namu kwanukan a tsakiyar tabarmarsu, muka wuce muka zauna muka kewaye shi. Katanga ya jawo kwanon Tsinke ya buɗe, ya yi bismilla, ya yanko wata ƙatuwar loma ya kai baki, ya lumshe ido ya ce, "Kai! Ashe wannan kuke ɓoye mana shekara da shekaru?"

Duk namu suka sa hannu sai ni. Hannun damana a ɗaure yake. A wurin namu da cokali nake lallaɓawa, sun saba, cokalin kuwa na baro shi a zaure don sauri. A tsakiyar mutane, a unguwar wasu, wa zai tsoma hagu a kwanon ciyayya? Na zauna ina haɗiyar miyau, ni da na kawo shawarar. Tsinke ya lura. Ya yanki loma, ya dangwalo miya, ya miƙo mani har baki. "Buɗe, Kwando," in ji shi, "wannan dai ka kama." Dariya ta ɓarke har da 'yan Gobarau, ni kuwa na karɓa ina dariya hawaye na zuba, na ce yaji ne. Dogo ya ga abin ba na ƙarewa ba ne, tuwon unguwarsu na ta gangarawa cikin baƙi a gaban idonshi. Ya tako ya ture Katanga da gwiwa ya ce, "Matsa, malam. Kun ɗauke ƙwallo, tuwon Innarmu ma sai kun cinye?" Ya zauna ya sa hannu. Ai kafin ka ce me sai ga hannuwa ta ko'ina, ba ka bambance na Gobarau da na Ƙofar Kwaya, aka suɗe kwanon nan har yana ƙyalli.

Tsinke ya ɗauki kwano ya shiga gida, muka yi tsit muna saurare, don gidansu na nan kusa. Can sai muka ji salatin Inna, sannan muryarta ta tsallako bango tana cewa, "Na faɗa! Daddawar ce! Ai na san waccan matar ta sauya hannu." Muka kwanta da dariya a kan tabarma. Ta sake ciko kwanon da wanda ta ajiye don ɗumamen safe, shi ma muka share shi, sannan aka bi ta kan namu kwanukan. Ba wanda ya gaya mata gaskiya, a ranar ko bayanta. Har ta koma ga Allah wurin sabuwar mai daddawar nan take saye, tana yi mata talla a gidajen biki ba ko sisi. Da muka tashi tafiya suka yi mana rakiya har Ƙofar Kwaya. A hanya wani ya ɗauko amshin Baba Baduku, wanda muka karɓa ciki-ciki da la'asar, sai ga shi muna rera shi da dukan muryarmu, mu da su. Da safe babbar mota ta tafi kudu da wani yaron motar daban. Ƙwallo kuma daga shekarar a rumfar Baba aka koma ajiye ta, mai so ya je ya ɗauka, duk da dai Katanga har ya rasu yana cewa a nan kam an cuce mu.

Na ba jikanyata labarin nan kaf, ta saurara da biro a baki. Da na gama ta ce to ita me za ta rubuta a jigo. Na ce ta rubuta tausayi da haɗin kai kamar yadda malaminsu ke so, ba ƙarya ba ne, a ba ta makinta. Amma in tana son ta san ko ta fahimci waƙa, ta fara rera ta tukuna, ta daina neman abin da za ta tsinta a ciki, sannan ta duba ko akwai inda waƙar ke aikenta. Ta ce wannan ba zai fito a jarrabawa ba. Na ce na sani.

Baba Baduku ya daɗe da rasuwa, rumfarshi yanzu shagon cajin waya ne. Dogo ya tafi, Katanga ya tafi, Allah ya jiƙan su, mu biyu muka rage, ni da Tsinke. Yana unguwar Kambarawa wurin babban ɗanshi. Hawan jini ya taɓa mashi ɓarin dama, hannun ya daina ɗaguwa, amma bakin yana nan daram. Duk Juma'a bayan la'asar nakan hau ɗan acaɓa in je. In na yi sallama ya ce wa yake ji kamar Kwando, in ce Makulli dai, gyara bakinka. Sai mun yi musun da muka saba, shi ya ce da ya buga ai ta shiga, ni in ce ko a kwancen da na kama ta da haƙori. Ana idar da magariba surukarshi ta aiko da tuwo, jikoki su kawo mashi cokali, ya ture shi, ya ce shi bai iya cin tuwo da ƙarfe ba. Sai in wanke hannu, in jawo kwanon tsakaninmu, in yanki loma in dangwalo miya.

"Buɗe, Tsinke," in ce mashi.

Ya buɗe, ya tauna a hankali, ya girgiza kai, ya ce miyar ba laifi, amma daddawar ba irin ta Inna ba ce.